Dare uku a wani gidan kallo na Agege domin tunawa da Stephen Keshi

A watan Yuni, idan gasannin Turai suka tafi hutu, yawancin gidajen kallon ƙwallo na Agege kan zama kamar kasuwar da ta tashi, domin babu Firimiya, babu La Liga, ga kuma ruwan saman Legas da ba ya barin mutum ya fita sai da ƙwaƙƙwaran dalili. Wani gida da ke bayan layin dogo, wanda wani dattijo ɗan asalin Katsina yake riƙe da shi shekara da shekaru, ya yi wata dabara a bana da ta sa na ga ya kamata in rubuta abin da na gani. Ya ware dare uku a jere, daga Juma'a zuwa Lahadi, domin nuna tsofaffin wasannin Super Eagles na zamanin da marigayi Stephen Keshi yake horar da su, kasancewar a ranar 7 ga Yuni, 2016 ne Keshi ya rasu a garin Benin na jihar Edo yana da shekara 54. Ni da ɗana na fari mun halarci dukkan dararen, mun biya kuɗinmu kamar kowa, kuma babu wata alaƙa tsakanina da mai gidan face gaisuwa idan mun haɗu a masallaci.

Gidan rumfa ce mai tsawo da aka rufe da kwano, bangonta rabi bulo rabi katako, an jera benci layi-layi, sai wasu kujerun roba a gaba da ake ƙara kuɗi kafin a zauna a kansu. A ranakun wasa talabijin uku ke aiki lokaci guda, amma a waɗannan darare an kashe su duka, aka kafa farin allo guda aka haska da majigi, kuma wannan shi ne daidai, domin hankalin kowa ya taru wuri ɗaya. Kuɗin shiga rabin abin da ake biya ne a ranar babban wasan Firimiya, yaran da suka zo tare da iyayensu kuwa ba a karɓi ko kwabo daga gare su ba. Ana farawa bayan sallar Isha'i, kuma a duk dararen uku ba a yi jinkirin da ya wuce na 'yan mintuna ba, abin da duk wanda ya saba da tarukanmu zai yaba. A bakin ƙofa akwai mai shayi da mai tsire, su ma ba su ƙara farashi ba don ganin jama'a.

Abin da ya fi burge ni a tsarin shi ne daren farko. Na yi zaton za a fara da wasan ƙarshe na Gasar Cin Kofin Afirka ta 2013, a nuna ƙwallon Sunday Mba sau goma, a yi tafi a watse. Sai mai gidan, wanda kowa ke kira Alhaji, ya saka wasan farko na rukuni gaba ɗayansa, wanda aka buga da Burkina Faso a Nelspruit ta Afirka ta Kudu. Emmanuel Emenike ya ci ƙwallo tun kafin a tafi hutun rabin lokaci, aka ba Efe Ambrose jan kati, sannan a cikin mintunan da aka ƙara Alain Traoré ya farke, aka tashi ɗaya da ɗaya. Daga nan aka nuna yawancin wasan Zambiya, inda Mikel Obi ya ɓarar da fenariti, Emenike ya sake ci, mai tsaron ragar Zambiya Kennedy Mweene ya zo da kansa ya buga fenaritin da ya farke ana dab da tashi. Wasan Habasha kuwa har kusan minti na 80 babu ci, sai da Victor Moses ya ci fenariti biyu kafin Najeriya ta fita daga rukuni. Ɗana, wanda bai yi wayo ba a lokacin gasar, ya juyo ya ce mini, “Baba, ashe da ƙyar suka fito?” Wannan tambayar kaɗai ta biya ni kuɗin da na kashe, domin duk abin da ya taɓa gani a waya guntayen bidiyo ne na murna, waɗanda ke sa yaro ya ɗauka cewa an miƙa musu kofin ne a faranti.

Mu da muka kalli wasannin kai tsaye a 2013 mun tuna irin zagin da aka yi wa Keshi a wancan makon, a gidajen rediyo da majalisun shayi da cikin motar haya. An ce ya bar Peter Odemwingie da Obafemi Martins a gida ya kwashi yaran da ba a san su ba. A cikin 'yan wasa 23 da ya tafi da su, shida a gasar cikin gida suke wasa, har da Gabriel Reuben na Kano Pillars, kuma a lokacin mutane da yawa suna ganin hakan ganganci ne. Idan mutum ya zauna ya kalli wasannin a jere, kamar yadda gidan nan ya ba mu dama, zai ga aikin mai horarwa da idonsa, abin da guntun bidiyo ba zai taɓa nuna masa ba. Zai ga yadda ya ajiye kyaftin Joseph Yobo a benci ya damƙa tsakiyar baya ga Godfrey Oboabona na Sunshine Stars da Kenneth Omeruo, wanda bai cika shekara ashirin ba, da yadda ya shigo da Ogenyi Onazi tsakiya domin Mikel ya samu sarari, da yadda Mba, wanda ba da shi aka fara gasar ba, ya zama wanda ba a iya cirewa. Duk waɗannan shawarwari ne masu haɗari ga mutumin da ya san cewa idan ya faɗi babu mai tallafa masa.

Kafin kowane wasa Alhaji yakan miƙe da wani tsohon littafin rubutu a hannu, yana haska shi da tocilar waya, ya yi bayani na ɗan lokaci da Hausa, sannan wani yaronsa ya taƙaita da Turancin buroka saboda maƙwabtanmu Yarbawa da Inyamurai da suka shigo, kuma sun shigo da yawa. Ya faɗi cewa a nan Legas Keshi ya yi sakandare, a St. Finbarr's da ke Akoka, makarantar da ta yi suna wajen fitar da 'yan ƙwallo, kuma ya buga wa ACB ta Legas kafin ya koma New Nigeria Bank ta Benin. Daga can ya tafi Abidjan, ya buga wa Stade d'Abidjan da Africa Sports, sannan ya haura Beljiyam, inda ya fara da Lokeren ya koma Anderlecht, daga baya kuma Strasbourg ta Faransa. A nan Alhaji ya ɗan tsaya, ya ce tafiyar Keshi Beljiyam ita ce ta buɗe ƙofar da su Daniel Amokachi da Sunday Oliseh da Victor Ikpeba da Celestine Babayaro suka bi, kuma daga irin wannan jagorancin ne laƙabin Big Boss ya manne masa tun yana ɗan wasa. Na ji daɗi da ya tuna wa yara cewa Amokachi ɗan Kaduna, wanda suke gani a allo yana tsaye kusa da Keshi a bakin fili, mataimakinsa ne a 2013, kuma tare suke a tawagar da ta ci kofin 1994 a Tunisiya, lokacin da aka doke Zambiya biyu da ɗaya Keshi yana kyaftin. Bayanin bai yi tsawon da zai gundiri mutane ba, kuma ban kama shi da kuskure ko ɗaya ba, sai dai muryarsa ba ta kai bayan rumfar, ga shi babu lasifikar hannu. Waɗanda ke benci na ƙarshe sai tambayar na gabansu suke yi abin da ya ce.

Dare na biyu shi ne zuciyar abin. An nuna wasan Kwaddibuwa na Rustenburg daga farko har ƙarshe, wasan da kusan kowa ya yanke wa Najeriya hukuncin faɗuwa tun kafin a buga shi, domin a ɗaya ɓangaren akwai Didier Drogba da Yaya Touré da Gervinho da Salomon Kalou. Ana cikin rabin farko ruwa ya sauko kamar da bakin ƙwarya, ƙararsa a kan kwano ta danne muryar mai sharhi gaba ɗaya, muka koma kallo babu sauti. A haka Emenike ya buga bugun tazaran nan mai ƙarfi da ya wuce Boubacar Barry. Bayan an dawo daga hutu Cheick Tioté, wanda shi ma yanzu ba ya raye, ya farke da ka. Kusa da ni akwai wani bawan Allah, mahauci daga mayankar Oko-Oba, yana zaune ya haɗe hannayensa tsakanin gwiwoyi yana girgiza ƙafa kamar bai san yadda za a tashi ba. Da Mba ya ɗauko ƙwallo daga tsakiyar fili a minti na 78, ya ratsa, ya buga ta taɓa ɗan baya ta haye kan Barry ta faɗa raga, sai mutumin nan ya miƙe ya rungume ɗana, wanda bai taɓa gani ba, yana cewa, “Yaro, ka gani? Ka gani?” Rumfar duka ta kaure da ihu har ya fi ƙarar ruwan. Daga baya aka nuna ƙwallayen wasan Mali na Durban, huɗu da ɗaya, kuma da aka zo kan wadda Ahmed Musa ya ci sai aka nemi a maimaita, Alhaji bai yi musu ba.

A wannan daren ne kuma aibin gidan ya fito fili, kuma ba zan ɓoye shi ba. Kwanon yana yoyo a wurare aƙalla uku, ɗaya daga ciki a daidai kan layin kujerun da aka ƙara wa kuɗi, har sai da mutane suka ɗauki kujerunsu suka matsa suka tare wa na baya allo. Da aka ɗauke wuta an tayar da janareto cikin sauri, wannan abin yabo ne, amma an ajiye shi dab da tagar baya, hayaƙinsa yana shigowa ciki, ga fanka biyu kacal a rumfar da ta cika maƙil. Wani dattijo mai ciwon ƙirji sai da ya fita ya tsaya a ƙarƙashin rumfar mai shayi, ya rasa ƙarshen wasan da ya zo dominsa. Hayaƙin janareto a rufaffen wuri ba abin wasa ba ne, yana kashe mutane, kuma matsar da shi nesa ba ya buƙatar komai sai doguwar waya. Na faɗa wa Alhaji haka bayan an tashi, ya ce, “Malam, gaskiyarka,” kuma washegari na tarar an mayar da shi can bayan bango. Yoyon kuwa yana nan, an dai ajiye bokiti. Babu kuma wani keɓaɓɓen wuri ga mata, alhali na san 'yan mata a unguwar da ke bin ƙwallo fiye da yayyensu maza.

Hoton ma ba daidai yake ba. Na wasan Kwaddibuwa da na ƙarshe tas suke, amma na Zambiya dishi-dishi ne, ba a iya karanta lambar riga, kuma sharhinsa da Faransanci yake. Na fahimci cewa abin da ya samu ke nan, amma da ya faɗa tun farko da babu wanda zai yi gunaguni.

Daren Lahadi aka nuna wasan ƙarshe na ranar 10 ga Fabrairu, 2013, a Johannesburg, inda aka sake haɗuwa da Burkina Faso ba tare da Emenike ba saboda raunin da ya ji a wasan Mali. A minti na 40 ƙwallon da Moses ya buga ta daki ɗan baya ta dawo wa Mba, ya ɗaga ta da ƙafar dama ta haye kan wanda ya tare shi, ya tarbe ta da hagu kafin ta taɓa ƙasa. Abin da na manta, kuma kallon wasan gaba ɗaya ya tuna mini, shi ne yadda Vincent Enyeama ya taɓa ƙwallon Wilfried Sanou da yatsu a rabi na biyu ta fita waje, da kuma yadda Keshi ya saka Yobo ana dab da tashi, har kyaftin ɗin da ya zaunar a benci ya ɗaga kofin yana cikin rigar wasa. Shekara 19 Najeriya ta yi tana jiran wannan kofi, kuma da shi Keshi ya zama mutum na biyu a tarihi, bayan Mahmoud El-Gohary na Masar, da ya ci Kofin Afirka yana ɗan wasa ya kuma ci shi yana mai horarwa. Alhaji bai tsaya a kan murna ba. Ya gaya wa yaran cewa washegarin cin kofin Keshi ya ce ya ajiye aiki saboda rashin jituwa da hukumar ƙwallo, sai da aka lallashe shi ya janye, cewa ya kai Najeriya zagaye na biyu a Gasar Cin Kofin Duniya ta 2014 a Brazil, inda Faransa ta fitar da mu biyu da nema, cewa ya kasa kai mu Kofin Afirka na 2015, kuma a watan Yulin 2015 aka sallame shi. Matarsa Kate ta rasu a Disambar wannan shekarar, shi kuma bai ƙara wata bakwai a bayanta ba. An binne shi a Illah ta jihar Delta, kuma babban filin wasa na Asaba yanzu sunansa yake ɗauke da shi. Rumfar ta yi tsit a lokacin da yake wannan bayani, har ana jin ɗigar ruwa a cikin bokiti.

Duk da haka ina ganin an bar giɓi biyu a cikin shirin. Na farko shi ne Togo. A 2005 Keshi ya kai wannan ƙaramar ƙasa Gasar Cin Kofin Duniya karo na farko a tarihinta, a rukunin da Senegal take ciki, amma bayan sun sha kashi a wasanninsu uku na Kofin Afirka a Masar a farkon 2006 aka cire shi, aka ba Bajamushe Otto Pfister, shi ya tafi da su Jamus. Wanda bai san wannan ba ba zai fahimci dalilin da ya sa Keshi yake yawan sukar hukumomin ƙwallon Afirka a bainar jama'a ba, kan yadda suke ɗauko Turawan da ba su fi na gida komai ba su fifita su. A jimla ɗaya Alhaji ya wuce wannan, aikinsa a Mali daga 2008 zuwa 2010 kuwa ko ambatonsa bai yi ba. Haka nan ba a nuna wasan Maroko na gasar 'yan wasan gida ta CHAN ta 2014 ba, wanda aka ci Najeriya uku da nema kafin hutu ta dawo ta ci huɗu da uku, Rabi'u Ali na Kano Pillars yana cikin waɗanda suka zura ƙwallo. A gidan da rabin masu kallonsa magoya bayan Sai Masu Gida ne, wato Kano Pillars, wannan wasan ya cancanci a ba shi rabin dare.

Giɓi na biyu ya fi yi mini ciwo, wato Shu'aibu Amodu, tsohon mai horar da Super Eagles, Allah Ya jiƙansa. Kwana uku kacal bayan Keshi, ranar 10 ga Yuni, 2016, shi ma ya rasu, a garin Benin ɗin dai, yana da shekara 58, kuma duk a cikin makon farko na azumin wannan shekarar. Na tuna yadda muka ji labari na biyu tun ba mu gama jajanta wa juna na farko ba. Amodu ne ya ci wa BCC Lions ta Gboko kofin Afirka na zakarun kofunan ƙalubale a 1990, ya ci kofin ƙalubale na ƙasa da El-Kanemi Warriors ta Maiduguri, ya kai Najeriya Gasar Cin Kofin Duniya ta 2002 da ta 2010, kuma duka biyun aka cire shi kafin a tafi, bayan ya zo na uku a Kofin Afirka, na farko a Mali na biyu a Angola. A 2002 Keshi mataimakinsa ne, tare aka sallame su. Abin da aka yi wa Keshi a Togo sau ɗaya, an yi wa Amodu a ƙasarsa sau biyu, don haka labarin ɗayansu ba ya cika sai da na ɗayan. A dare uku sau ɗaya na ji sunansa, shi ma daga bakin wani mai kallo ne. Da na tambayi ɗana a hanyar komawa gida ko ya san shi, sai ya ce bai taɓa jin sunan ba, alhali zai iya lissafa mini masu horar da manyan ƙungiyoyin Ingila ɗaya bayan ɗaya har da mataimakansu.

Idan aka auna abin da aka biya da abin da aka samu, gidan ya ci yabo, kuma ina ba duk wanda ke Agege ko Mile 12 ko Idi-Araba shawarar ya zo da 'ya'yansa idan aka sake. Ya zo da wuri, ya nemi benci na tsakiya ta ɓangaren ƙofa, inda iska ke shigowa kuma muryar Alhaji ke kaiwa, kada ya ƙara kuɗin kujerar gaba sai an gyara kwanon. Da muke fita daren Lahadi na yi masa maganar Amodu, ya yi shiru na ɗan lokaci, sannan ya buɗe littafinsa ya rubuta sunan a shafin baya, ya ce in taimaka masa da neman wasan Kenya na Nairobi na Nuwamban 2009, wanda Najeriya a ƙarƙashin Amodu ta ci uku da biyu ta samu gurbin zuwa Gasar Cin Kofin Duniya ta 2010 a Afirka ta Kudu. Na ce masa zan nema, kuma ɗana ya riga ya fara bincike a wayarsa tun kafin mu tsallaka layin dogo.